Makarɓi Ɗaya, Aiki Uku: Abin da Kodin da Tiramol ke Yi a Cikin Jijiya

A shekarar 2013 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Michel De Waard na birnin Grenoble a Faransa suka fitar da labarin da ya ɗaure wa masana haɗa magunguna kai. Sun ce sun sami tiramadol, wato tiramol, a cikin saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru. Alhali kowa ya san tiramadol ba daga tsiro ya fito ba. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1962, ya kai shi kasuwa a 1977. To ta yaya bishiyar daji ta riga Bajamushe?

Shekara na zagayowa, tawagar Michael Spiteller ta Dortmund ta bi sawu. Suka tarar da maganin a cikin ƙasa da saiwoyin wasu itatuwan da ba su haɗa dangi da tafashiya ba, tafashiyar kudancin Kamaru kuwa babu ko ɗigo a cikinta. Bayanin da suka kawo shi ne manoman yankin na shan tiramol, suna kuma bai wa shanun huɗa don su jure aiki cikin rana. Fitsari da kashi su shiga ƙasa, saiwa ta zuƙa. A 2016 awon da aka yi wa sinadarin kabon da ke cikin maganin ya nuna ɗan masana'anta ne.

Abin lura a nan shi ne sa da mai sa duk maganin yana kama su. Dalili kuwa, a jikin jijiyoyin mutum, da na saniya, da na ɓera, har da kifi, akwai wani ƙanƙanen furotin da aka halitta musamman don karɓar irin wannan saƙo. Masana na kiransa makarɓin ofiyod. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da mofin ke kwantar da mai ciwon daji, da dalilin da kwalbar kodin ke mallake saurayi, da dalilin da fentanil ke tsayar da numfashi cikin mintoci, sai ya fara daga kan wannan furotin, domin duka ukun ta hanyarsa suke bi.

Ɗan Adam ya daɗe da sanin maganin kafin ya san inda yake sauka. Dubban shekaru ana tsaga ƙoƙon furen fofi ana tara danƙonsa, wato ofiyom. Wajen 1805 wani matashi mai koyon haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ciki. A 1832 Pierre Robiquet ya ware kodin a Faransa. Amma har tsakiyar ƙarni na 20 zato kawai ake yi cewa akwai wani gurbi na musamman da suke shiga. Hujjar masu wannan zato tana da ƙarfi. Akwai magunguna biyu, lebofanol da destirofan, waɗanda duk abin da ke cikin wannan yana cikin wancan, sai dai ginin ɗaya juyin ɗaya ne, dama ta koma hagu. Na farko yana kashe zafi fiye da mofin, na biyu kuwa ba ya yin wannan aikin. Abin da ke bambance dama da hagu har haka, lalle kwado ne da ba ya karɓar kowane mabuɗi.

A 1973 aka kama kwadon. Candace Pert, ɗaliba a jami'ar Johns Hopkins, tare da malaminta Solomon Snyder, suka yi wa maganin nalokson alama da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, suka nuna yana manne wa wasu wurare ƙayyadaddu a naman ƙwaƙwalwa. A shekarar dai Eric Simon a New York da Lars Terenius a Uppsala ta Suwidin suka cimma sakamako iri ɗaya. Nan take wata tambaya ta taso: me ya sa ƙwaƙwalwa za ta tanadi gurbi don danƙon wani fure? Amsar ta fito daga Aberdeen ta Sikotilan a 1975, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka tace ƙwaƙwalwar aladu suka fitar da wasu gajerun sinadarai biyu, enkefalin, kowanne ɗauke da tubalan amino biyar kacal. A 1976 Choh Hao Li na San Francisco ya sami wani mai tubali 31, beta-endofin, kuma daga wata 'yar gaɓa da ke gindin ƙwaƙwalwar raƙumi ya samo shi. A 1979 Avram Goldstein ya ƙara da dainofin. Ashe jiki yana da nasa maganin zafin, furen fofi kwaikwayo kawai ya yi.

Har an gwada wannan a kan mutane. A 1978 Jon Levine da abokan aikinsa suka bai wa waɗanda aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta. Wasu suka ji sauƙi. Da aka ba su nalokson, wanda ke toshe makarɓin, sai sauƙin ya ragu. Sa rai kaɗai ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta saki nata ofiyod ɗin.

Makarɓan ba iri ɗaya ba ne. Akwai mu, da delta, da kafa, sai na huɗu da aka gano a 1994 wanda yake ɗan uwa na nesa. A 1992 Christopher Evans a Los Angeles da Brigitte Kieffer a Strasbourg, kowa da nasa aikin, suka karanta rubutun gadon da ke gina delta, sauran suka biyo baya cikin ɗan lokaci. A 2012 ɗakin binciken Brian Kobilka ya fitar da surar makarɓin mu dalla-dalla, a shekarar da shi da Robert Lefkowitz suka karɓi kyautar Nobel kan babban dangin furotin da makarɓan ofiyod suka fito daga cikinsa. Dangi ne mai 'ya'ya kusan 800 a jikin mutum, da su ake jin ƙamshi, da su ake gani, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan asibiti a kansu suke aiki. Makarɓin mu zare ne mai tubalan amino 400, yana ratsa bangon ƙwayar jijiya sau bakwai, ya bar wani rami a waje inda magani ke zama.

Abin da ke faruwa bayan ya zauna shi ne zuciyar maganar. Makarɓin ya ɗan murɗa jikinsa, murɗawar ta isa cikin ƙwayar, inda wani furotin mai suna G ke jira. Furotin ɗin ya rabe biyu. Ɓangare ɗaya ya je ya rage aikin inzayim da ke ƙera wani ɗan aike na cikin gida da ake kira cAMP. Ɗaya ɓangaren ya buɗe ƙofofin fotasiyom, sinadarin ya fice, wutar ƙwayar ta yi ƙasa har ta kasa tashi; ya kuma rufe ƙofofin kalsiyom da ke bakin jijiya, kuma idan babu kalsiyom jijiya ba ta iya miƙa saƙo ga ta gaba. A taƙaice, ofiyod ba ya tayar da jijiya. Shiru yake sa ta.

Sakamakon wannan shirun ya dogara ne da wace jijiya aka rufe wa baki. A cikin laka, inda saƙon ciwo daga fata da ƙashi ke fara yada zango, shirun yana nufin saƙon bai ƙarasa sama ba. A tsakiyar ƙwaƙwalwa kuwa akwai jijiyoyin da aikinsu shi ne danne wasu jijiyoyin masu fitar da dofamin. A 1992 Steven Johnson da Alan North suka nuna cewa ofiyod masu dannewar yake kwantarwa, sai na dofamin su sami sake, su yi ta zuba. Daga nan daɗin yake fitowa, kuma daga nan ƙwaƙwalwa ke rubuta wa kanta cewa wannan abu a sake nemansa. A cikin hanji shirun yana tsayar da motsi, bayan gida ya bushe. Shi ya sa maganin gudawa lofaramayid ɗan dangin nan ne, sai dai akwai furotin da ke korar sa daga ƙwaƙwalwa, don haka ba ya bugarwa a ƙa'idar shansa. A can gindin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan gungu da Jeffrey Smith da Jack Feldman suka bayyana a 1991, wanda ke tsara shiga da fitar numfashi ko mutum na barci. Shi ma yana ɗauke da makarɓin mu. Idan magani ya yi yawa, numfashi ya ragu, iska mai guba ta taru a jini, jiki ya daina jin gargaɗinta, leɓe ya canja launi, tsakiyar baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Haka akasarin waɗanda ofiyod ke kashewa suke tafiya, cikin barci da minshari.

Shekaru da dama masana na fatan cewa kashe zafi na wani makarɓi ne, kama jiki kuma na wani, ta yadda za a iya zaɓen guda. Kieffer ta yanke wannan fata a 1996. Ta samar da ɓerayen da aka cire musu makarɓin mu kaɗai, ta ba su mofin. Bai kashe musu zafi ba, ba su nuna sha'awarsa ba, da aka yanke musu ba su sha wahala ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna numfashinsu ma bai taɓu ba. Alherin da sharrin duk a gurbi ɗaya suke.

Tarihin kasuwar magani ya riga ya faɗi haka da nasa bakin, ba a dai saurara ba. A 1898 kamfanin Bayer ya fitar da hiroyin a matsayin maganin tari, ana ganin ya fi mofin aminci. Ashe mofin ne aka ɗaura wa ƙananan sinadarai biyu da ke sa shi saurin ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa, can kuma ya koma asalinsa. A 1996 Purdue Pharma ta fitar da OxyContin a Amurka da da'awar cewa sakinsa a hankali na rage haɗarin kamu. A 2007 aka amsa laifin yaudara kan wannan tallan a gaban kotu. Fentanil da Paul Janssen ya haɗa a Beljiyom wajen 1960, wanda ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100, shi ne kan gaba a lokacin da mace-macen wuce kima a Amurka suka haura 100,000 a shekara daga 2021 zuwa 2023.

Yunƙurin baya-bayan nan ya fi waɗannan ilimi, amma shi ma bai kai gaci ba. Bayan furotin G, akwai wani mai suna arestin da ke manne wa makarɓi daga ciki. A 1999 Laura Bohn ta nuna ɓerayen da ba su da arestin sun fi jin amfanin mofin, a 2005 kuma aka ruwaito numfashinsu bai cika dannuwa ba. Sai aka ce an gano bakin zaren: a ƙera maganin da zai tayar da G ya ƙyale arestin. Aka zuba kuɗi, aka tace miliyoyin sinadarai ta kwamfuta, har Amurka ta amince da wani magani, oliseridin, a 2020. A shekarar dai ɗakunan bincike uku, a Jamus da Ingila da Ostireliya, suka maimaita gwajin ɓerayen suka ga mofin na danne numfashinsu kamar na kowa. Takardar da ke cikin kwalin oliseridin tana ɗauke da gargaɗin numfashi da na kamu irin na sauran danginsa. Mai wannan sharhi na ganin duk sanda aka ji tallan ofiyod marar kama jiki, abin da ya dace shi ne a tambayi wane makarɓi yake taɓawa. In mu ne, a jira shekara goma kafin a yarda.

Sai batun sabo, wanda shi ne ya fi shafar gidaje. Enkefalin na jiki ana sakinsa ne a ƙaramin wuri, kuma nan da nan inzayim ke wargaza shi. Magani kuwa yana mamaye makarɓan jiki gaba ɗaya na sa'o'i. Ƙwayar jijiya ba ta zama haka nan ta zuba ido. Wasu inzayim sukan liƙa wa wutsiyar makarɓin alama, arestin ya zo ya raba shi da furotin G, wani lokaci a janye shi cikin ƙwayar ɗungurungum. Kwalba ɗaya da ke aiki a da, yanzu sai biyu. Akwai kuma gyara na biyu da Shail Sharma da Werner Klee da Marshall Nirenberg suka gani tun 1975 a ƙwayoyin da suka raina a ɗakin gwaji: da mofin ya daɗe yana danne cAMP, sai ƙwayar ta ƙara ƙarfin ƙera shi har ya dawo daidai. Ranar da aka janye maganin, cAMP ya yi tsalle ya zarce misali. A gungun jijiyoyin da ke fitar da noradirenalin wannan tsallen shi ne gumi, da hamma, da hawaye, da majina, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da tashin tsikar jiki, da rashin barci. Yaron da ke rantsuwa ya daina amma kwana biyu ya koma, ba ƙarya kaɗai yake yi ba. A wannan matakin gudun azaba yake yi, daɗin ya daɗe da barinsa.

Mugun abin shi ne sabon ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa. Yana saurin cinye daɗin, yana jinkiri a kan numfashi, hanji da ido kuwa kusan ba sa sabawa. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke bugarwa da wanda ke kisa sai ta yi ta ƙunci. Kuma sabon yana gushewa idan aka daina. Wani bincike da Ingrid Binswanger ta jagoranta a 2007 kan fursunonin da aka sako a jihar Washington ya gano cewa a makonni biyun farko haɗarin mutuwarsu ta hanyar wuce kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Iyayen da suka kai ɗansu gidan gyaran hali ya kamata su san cewa makonnin dawowarsa sun fi kowane lokaci haɗari, domin adadin da ya saba sha a da yanzu ya fi ƙarfinsa.

Kodin da tiramol, waɗanda su ne suka fi addabar arewacin Najeriya da Nijar, suna da wani sirri nasu. Su kansu ba su cika kama makarɓin mu ba. Sai sun bi ta hanta, wani inzayim mai suna CYP2D6 ya sarrafa su: ya mayar da ɗan kaso na kodin, abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, zuwa mofin, ya mayar da tiramadol zuwa wani sinadari da ya fi shi kama makarɓin nesa ba kusa ba. Ƙarfin wannan inzayim gado ne. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa ba ya musu aiki, kodin a wurinsu kusan banza ne. A Habasha kuwa binciken Eleni Aklillu na 1996 ya sami kashi 29 cikin 100 ɗauke da kwafin gadon fiye da ƙa'ida, hantarsu na juya maganin da gaggawa. Abokai biyu za su raba kwalba ɗaya, wannan ya ce bai ji komai ba, wancan a kwashe shi ranga-ranga. Saboda haka ne Amurka ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017.

Tiramol yana da aiki na biyu da ba na ofiyod ba: yana hana jijiyoyi mayar da sirotonin da noradirenalin bayan sun sake su. Wannan ne ke bai wa ɗan acaba da lebura da mai haƙar zinariya jin ƙarfi da rashin gajiya, kuma shi ne ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini. Hukumar NAFDAC ta yarda da masu 50 da 100 ne, amma wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa mai 225 ne, biyu kawai sun tsallake iyakar. In aka haɗa da giya ko magungunan barci irin su diyazifam da rafanol, numfashi ya sami masu danne shi ta hanya biyu.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Najeriya ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a rahoton 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan magungunan ofiyod ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma na shan maganin tari ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. A shekarar ce Indiya ta tsaurara dokar tiramadol. Makarɓin da ya saba dai yana nan yana jira, kasuwa kuma ta kawo masa wani. A 2025 BBC ta bankaɗo shigo da tafentadol haɗe da wani maganin sassauta tsoka zuwa Gana da Najeriya da Kodebuwa, kuma tafentadol ba ya jiran hanta, kai tsaye yake kama makarɓin. A Saliyo, inda aka ayyana dokar ta-ɓaci kan wani kayan maye mai suna kush a 2024, gwaji ya nuna akwai nitazin a ciki, dangin da wasu 'ya'yansa suka fi fentanil ƙarfi.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki ofiyod a matsayin abokin gaba kawai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma wanda ya taɓa ganin yaro cikin rikicin ciwon ya san farasitamol ba ya taɓa shi. Kwamitin mujallar Lancet ya ruwaito a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Inda babu mofin a asibiti, sai a koma ga allurar fentazosin, wadda likitocin Najeriya suka sha rubuta yadda take kama masu sikila har su riƙa yi wa kansu, ko a koma kemis ɗin unguwa. Ƙasa ɗaya, tiramol ya cika titi, mai ciwon daji kuma na mutuwa cikin kururuwa.

Ilimin makarɓin ya samar da kayan aiki uku da aka daɗe da tabbatarwa. Nalokson, wanda Amurka ta amince da shi tun 1971, yana shiga gurbin ya ture maganin ba tare da ya murɗa makarɓin ba, mutum ya farfaɗo cikin mintoci; sai dai ƙarfinsa na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, don haka dole a ƙarasa asibiti, kuma ba ya maganin jijjigar tiramol. Metadon yana zama a jiki tsawon yini ba hawa ba sauka. Bufurenofin yana riƙe makarɓin gam amma rabin murɗawa yake yi, ya hana azabar yankewa ba tare da saurin danne numfashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dukkan ukun cikin jerin magunguna na wajibi. Kamen da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ke yi a tashoshin ruwa yana da amfaninsa, amma mari da bulala ba sa mayar da cAMP daidai. Abin da ya rage wa ma'aikatun lafiya na jihohi shi ne su ajiye nalokson a kowane asibitin karkara, su samar da mofin ƙarƙashin kulawar likita ga masu sikila da ciwon daji, su kuma buɗe wuraren bayar da metadon da bufurenofin ga waɗanda suka riga suka kamu.